Ranar Da Awara Za Ta Cece Ka a Ƙasar Waje

 A wannan makon zancen ciki za mu yi.

A nan gida, idan aka kawo wa baƙo tuwo babu ko tsoka ɗaya a miya, sai ya ce an raina shi. Haka muka taso. To amma a cikinku akwai waɗanda nan da shekara biyu ko uku za su hau jirgi zuwa karatu, kamar yadda yayyenku 'yan Zamfara suka tafi Indiya da Sudan da Sin. Ranar da ka zauna a gidan abinci a garin da ba ka san wanda ya yanka dabba ba, ba ka ma san wace dabba ce ba, ranar za ka fara neman abin da kake rainawa a gida, wato abinci marar nama.

Indiya ta fi ko'ina sauƙi. Miliyoyin mutanenta ba sa cin nama sam, har doka ta tilasta a sa alama a jikin abincin da ake sayarwa a leda ko gwangwani. Koren ɗigo a cikin ɗan akwati mai koren layi yana nufin babu nama, babu kifi, babu ƙwai. Alama mai ruwan ƙasa kuwa tana nufin akwai ɗaya daga cikinsu. Gidajen abinci da yawa sukan rubuta "pure veg" a ƙofa, ka shiga ka ci shinkafa da miyar wake da suke kira dal, da gurasarsu capati, hankalinka kwance. Sai dai yaji. Ko mu da muke barbaɗa barkono a kan ɗanwake har ya yi ja, na can yana sa mu hawaye.

A Sin ne lamarin yake da tarko. Awarar nan da kuke saye a bakin makaranta lokacin tara, ita ce suke kira tofu, kuma sun riga mu yin ta da ɗaruruwan shekaru. Sai ka gan ta a faranti ka ji daɗi, ka ce ga 'yar gida. Amma fitacciyar miyar awararsu, mapo tofu, da niƙaƙƙen nama ake yin ta, sau da yawa na alade. Ganye ma wani lokaci da kitsen alade ake soya shi. A can gara ka nemi shagunan Musulmin ƙasar, ka haddace alamar 清真 da suke rubutawa a allonsu, ma'anarta halal.

Dubi abin ta nan. Ka je wurin mai tuwo a tashar mota ka ce mata kada ta sa maka nama. Me za ta yi? Ta kawar da tsoka gefe da ludayi, ta ɗebo maka miya daga tukunyar da naman ya dahu. A wurinta ta cika maka umarni. Haka mai hidima a gidan abinci na ƙasar waje yake tunani. Don haka tambayar "akwai nama?" ba ta wadatar ba. Tambayi da wane mai aka soya, da wane romo aka dafa. Idan harshe ya gagara, rubuta tambayoyin a Google Translate tun kana da intanet, ka nuna masa waya.

A Ingila da Jamus da Faransa za ka ga kalmomi biyu. "Vegetarian" babu nama da kifi, amma ana iya samun madara da ƙwai. "Vegan" babu duk abin da ya fito daga dabba, har zuma. Amma a kula, rashin nama daban, halal daban. Turawa suna zuba giya a wasu miyar da wasu kayan zaƙi, kuma wannan bai hana a kira abincin vegetarian ba. A jikin ledar alawa mai danƙo kuma ka duba kalmar gelatin, don yawanci daga fata da ƙashin alade ko saniya ake samo shi. Akwai manhaja mai suna HappyCow da ke nuna gidajen abinci marasa nama mafi kusa da kai.

Wanda ya nufi Masar ko Sudan kuwa wake ne zai riƙe shi. Ful da ta'amiyya, wadda kamar ƙosai take, su ne karin kumallon talaka da ɗalibi.

Tun a jirgi ma kana iya zaɓa. Lokacin sayen tikiti, ko kwana biyu kafin tashi, nemi VGML idan marar nama kake so, ko MOML na Musulmi. Kuma kada Inna ta cusa maka kilishi a jaka idan Amurka ko Ingila za ka. Dokarsu ta hana matafiyi daga Najeriya shigar da nama, a filin jirgi za su ƙwace shi, kana iya biyan tara a kai.