Man Dutsen Amurka da Guzurin Alhaji

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Alhajin da ya sauka Makka a 'yan shekarun nan, ya tarar masauki da abinci sun fi ƙarfin guzurinsa, yakan ɗora laifin a kan 'yan kasuwa. A ganina, wani ɓangare na tushen lamarin yana can nesa, a jihohin Tekzas da Dakota ta Arewa da ke Amurka.

A can ne aka ƙware wajen tatso mai da iskar gas daga wani irin dutse mai falle-falle. Akan haƙa rijiya a miƙe, a karkata ta a kwance, sannan a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske har dutsen ya tsage. Da wannan dabara, ɗanyen man da Amurka ke haƙowa ya tashi daga ganga miliyan 5 a rana a 2008 zuwa fiye da miliyan 9 a 2015.

Kasuwa ta cika ta batse. A taron ƙungiyar OPEC na watan Nuwamba 2014, ministan man Saudiyya, Ali al-Na'imi, ya ƙi yarda a rage haƙo mai, don kada a bar wa baƙin masu haƙa kasuwa. Gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Wasu kamfanonin Amurka sun karye, amma da yawa sun rage kashe kuɗi suka tsira. A ƙarshen 2016 Saudiyya ta haɗa kai da Rasha aka rage haƙowa, a 2018 kuwa Amurka ta zama ta ɗaya a duniya.

To, ina ruwan Makka da wannan? Kafin a sami mai a Dammam a 1938, kuɗin da mahajjata ke kawowa shi ne ƙashin bayan baitulmalin Sarki Abdul'aziz. Da mai ya nuna ba abin dogaro ba ne, sai aka waiwayi tsohuwar hanya. Shirin 2030 da aka bayyana a Afrilun 2016 ya sa burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. A 2017 aka ɗora wa baƙin ma'aikata kuɗin wata-wata a kan iyalansu, abin da ya shafi Hausawa mazauna ƙasar. A 2018 aka fara karɓar harajin kayan masarufi na kashi 5 cikin ɗari, wanda ya koma kashi 15 a 2020.

Maniyyacin Kano ko Sakkwato ya sha duka gida da waje, domin Nijeriya ma da mai ta dogara. Amurka, wadda a da ita ce babbar mai sayen manmu, ta ja baya. A 2016 tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, naira ta faɗi, kujerar Hajji kuwa da dala ake lissafa yawancin kuɗinta.

Ba na musun cewa hidimar miliyoyin baƙi tana cin kuɗi. Faɗaɗa Masallacin Harami da jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki tsakanin Makka da Madina a 2018, duk alheri ne. Amma alhaji baƙon Allah ne, bai kamata ya zama rijiyar da za ta maye gurbin ta mai ba. Manomin da ya shekara ashirin yana tara kuɗin gyaɗa da na shanu yana da haƙƙi a Ɗakin Allah daidai da attajiri. Ya dace hukumomin Saudiyya su tanadi masauki da sufuri masu sauƙin kuɗi domin irinsa.

Mu ma da namu aikin. Saudiyya ta ga kiɗa ya canja, ta canja rawa. Muddin darajar naira tana rataye da farashin ganga, to, rijiyar da aka haƙa a Tekzas za ta ci gaba da yanke wa tsohon ƙauye hukuncin ko zai ga Ka'aba ko ba zai gani ba.