Haɗin Gwiwar Ƙananan Hukumomin Gefen Birni: A Nemi Goyon Baya Tukuna

Birnin Kano ya daɗe da tsallake iyakokin da aka shata masa a takarda. Ƙananan hukumomi takwas ake lasaftawa a matsayin birni da kewaye, ciki har da Kumbotso da Ungogo, amma gine-gine sun riga sun kutsa Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Mutum zai kwana a Rijiyar Zaki, ya yini a Kantin Kwari, sharar da ya zubar kuma ta bi kogin Jakara har Minjibir. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota a wuyan ƙananan hukumomi, alhali babu ɗaya cikin waɗannan ayyuka da ke tsayawa a kan iyaka. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kason kuɗinsu kai tsaye, ya buɗe ƙofar haɗa ƙarfi, duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatar da shi.

Kafa ƙawance a takarda ba shi da wuya. Aikin yana wajen shawo kan shugabannin da ke tsoron rasa iko, da talakan da ke zargin za a kwashi harajinsa a kai wa maƙwabta.

Yankin biranen Minneapolis da St. Paul a jihar Minnesota ta Amurka ya bi wannan hanya. A 1967 majalisar dokokin jihar ta kafa hukumar tsara yankin baki ɗaya, a 1971 kuma ta yi dokar da ke tara kashi 40 cikin ɗari na ƙaruwar darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu a asusu ɗaya, a raba wa garuruwan yankin, marasa ƙarfi su fi samu. Wanda ya ɗauki nauyin ƙudurin, Charles Weaver, ɗan jam'iyyar Republican ne daga Anoka, wani garin gefe. Masu adawa sun garzaya kotu, sai a 1975 dokar ta fara aiki. Bayan 1990 wani ɗan majalisar, Myron Orfield, ya riƙa zagaya tsofaffin garuruwan gefe da taswirori, yana nuna wa kowanne yadda talauci ke ƙaruwa a cikinsa, kuɗin shiga kuma na guduwa zuwa sababbin unguwannin masu hali. Da haka wakilan da a da ke kallon tsakiyar birni a matsayin kishiya suka koma jefa ƙuri'a tare da shi. Gwamna Arne Carlson ya ƙi sa hannu a wasu ƙudurorin, aka yi sassauci, aka samu doka mai sauƙi a 1995.

Abin da ya ja ra'ayin waɗannan wakilai lissafi ne, kowa ya ga ribar garinsa a rubuce. Wannan jarida na ganin a nan ya kamata Kano ta fara: a fitar da alƙaluman abin da kowace ƙaramar hukuma ke tarawa da abin da take kashewa kan shara da magudanan ruwa, a karanta su a gidajen rediyo, a kai su gaban dagatai da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi. Sannan a zaɓi aiki guda da ido zai gani, kamar yashe magudanar da ta ratsa hukumomi biyu ko uku kafin damina. Ƙawancen da ya fara da sayen motocin ofis da naɗa sakatarori ba zai kai zaɓe na gaba ba.

Dole kuma a ɗaure shi da doka, domin yarjejeniyar baki tana tafiya da wanda ya ƙulla ta. Muna kira ga wakilan Kumbotso da Ungogo da maƙwabtansu a majalisar dokokin jiha su gabatar da ƙudurin, su kuma kira zaman jin ra'ayin jama'a a cikin unguwannin da abin ya shafa.