Waiwaye: Harbin da Aka Yi a Ruwan Bakassi

A teburin mai shayi na ji labarin, a unguwar Diobu ta Fatakwal, cikin watan Mayun 1981. Mai shayin ya daina fifita gawayi, ya ƙara wa rediyo murya: ranar 16 ga wata jandarmomin Kamaru sun buɗe wa sojojin Najeriya wuta suna sintiri a ruwa, biyar sun rasu. Wani dattijo Basakkwace mai fataucin albasa ya ajiye kofinsa ya ce, "Allah Ya raba mu da maimaici." Duk mun gane nufinsa. Shekara 11 ke nan da ƙare yaƙin basasa, kuma shi kansa ya taɓa barin rumfarsa a Anaca da rigar jikinsa kaɗai.

Wanda bai taɓa shiga ruwan nan ba zai ɗauka iyaka a fili take kamar kunyar gona. Rafuka ne birjik cikin surƙuƙin itatuwa, ruwan teku ya cika ya janye, babu turke babu shinge. Najeriya ta ce a kogin Akpa Yafe abin ya faru, Kamaru ta ce a Rio del Rey ne, cikin ruwanta. Akwai yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, akwai wadda shugabannin ƙasashen biyu, Gowon da Ahidjo, suka sa wa hannu a Marwa a 1975. Amma hafsan da ke tsaye a jirgin sintiri bai da lokacin buɗe takarda. Ya hango jirgi ya tunkaro, ya ba da umarni, kafin a ce kwabo Legas da Yawunde sun wayi gari a bakin yaƙi.

Jama'a sun harzuƙa, ana ta kiran a rama. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Nairobi, ya nemi a ba da haƙuri a biya diyya, Ahmadu Ahidjo kuma ya yi hakan. A teburin nan namu ma an samu masu kiran Shagari rago. Sai da rikicin ya sake tashi a ƙarshen 1993, zamanin Abacha, aka rasa rayuka, muka san abin da ya kawar mana. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, hukunci ya fito 10 ga Oktoba 2002, aka kammala miƙa wa Kamaru Bakassi 14 ga Agusta 2008 a Kalaba. Maganar da ta ci alƙalai shekara takwas, ita wani ya so yankewa da kunamar bindiga cikin minti ɗaya.

Mu mazauna Kudu ma a bakin iyaka muke kwana. Yaron da ya zaro wuƙa a kasuwar shanu ta Garki a Inugu saboda cacar baki kan canji, matsayinsa ɗaya da hafsan nan: hannunsa ɗaya, amma masu biyan bashin dubbai ne, daga mai nama a Anaca har Inyamuri mai shago a Sabon Garin Kano. Saboda haka idan Sarkin Hausawa ya ce a mayar da wuƙa kube, shi zai je wurin Igwe, sarkin 'yan gari, da 'yan sanda, ku bar shi ya je, samari, ko da za a kira shi rago.