Faɗuwar Gaba: Saƙon Jiki da Fassarar Ƙwaƙwalwa

Bahaushe ya daɗe yana bayyana halin da ransa ke ciki da sassan jikinsa. Idan ya firgita, gabansa ne ya faɗi. Idan tsoro ya kama shi, cikinsa ne ya ɗuri ruwa. Idan hankalinsa ya kwanta, zuciyarsa ce ta yi sanyi. Kimiyyar ƙwaƙwalwa ta zo ta tarar da wannan fahimta, ta kuma ba ta madogara.

A shekarar 1884 William James ya kawo ra'ayin cewa tsoro da makamantansa ba komai ba ne illa jin sauye-sauyen da ke faruwa a jiki. A 1906 kuma Charles Sherrington ya bambance saƙon da ke fitowa daga kayan ciki da wanda ido ko kunne ke kawowa daga waje. Bugun zuciya da numfashi da yunwa da ƙishirwa duk suna aika rahoto zuwa ƙwaƙwalwa ba dare ba rana. Babbar hanyar wannan rahoto ita ce jijiyar begas, wadda kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwanta daga jiki suke ɗaukar saƙo zuwa sama. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira insula yana daga cikin muhimman wuraren da ke tattara saƙon. A 2004 Hugo Critchley da abokan aikinsa sun nuna cewa aikin wannan sashe yana da alaƙa da yadda mutum ke iya tantance bugun zuciyarsa.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba karɓar saƙo kawai take yi ba, fassara shi take yi bisa abin da take tsammani. Bugun zuciya iri ɗaya, ga wanda ya hau bene gajiya ce, ga wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa ya yanke jiki ya faɗi kuwa alamar ajali ce. A kan wannan ne David Clark ya gina bayaninsa na ciwon firgici a 1986: mutum ya ji ɗan sauyi a ƙirjinsa, ya ɗauke shi a matsayin haɗari, tsoron ya ƙara wa zuciya sauri, saurin kuma ya gaskata masa zatonsa. Haka abin zai yi ta zagayawa har numfashi ya sarƙe.

Saboda haka, shawarar nan da ta yaɗu ta cewa kowa ya riƙa sauraren jikinsa tana buƙatar gyara. Sarah Garfinkel da abokan bincikenta sun bambance, a 2015, tsakanin iya gane saƙon jiki daidai da kuma imanin da mutum ke da shi cewa yana ganewa. Mai fama da fargaba yakan wuni yana kasa kunne ga ƙirjinsa, amma yawan saurare bai zama daidaiton fahimta ba. Ƙara masa saurare ba tare da gyara masa fassara ba, ƙara wa wuta makamashi ne.

Batun ya shafi asibitocin Nijeriya kai tsaye. Tun a 1960 Raymond Prince ya yi rubutu kan ɗalibai a kudancin ƙasar da ke kukan zafi ko yawo a ka, tare da kasa riƙe karatu. Har yau mai damuwa yakan zo wurin likita ne da ƙorafin jiki: zafin kai, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba. Wajibi ne a fara auna shi, domin ƙarancin jini da ciwon zuciya da matsalar maƙoƙo duk suna iya haddasa irin waɗannan alamu. Kuskuren yana zuwa ne bayan sakamako ya fito lafiya, a ce masa babu abin da ke damunsa. Shi kuwa ya san abin da yake ji, don haka sai ya fita da yaƙinin cewa ciwonsa ya fi ƙarfin asibiti, ya shiga yawon neman magani, dukiya ta ƙare, ciwo bai tafi ba.

Abin da ya kamata shi ne a gaya masa cewa abin da yake ji gaskiya ne, sannan a bayyana masa yadda yake faruwa. Akwai ma hanyar magani da ake sa majiyyaci ya tayar da alamun da gangan a gaban masani, kamar ta saurin numfashi, har ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa ba mutuwa ke tafe ba. Wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Horo yake buƙata da kuma harshen da majiyyaci ke ji. Anan ne masana Hausa ke da aiki: su tattara kalmomin da jama'a ke siffanta ciwonsu da su, su haɗa kai da likitoci, domin a gane abin da mutum ke nufi idan ya ce gabansa na faɗuwa.