ZANCEN MALAM: In Ƙungiyarka Ta Ƙaura, Za Ka Bi Ta?

 Zancenmu na wannan wata a kan ƙwallon ƙafa ne. Kada dattawa su yi saurin juya shafi, gama maganar za ta iso ƙofar gidansu kafin mu ƙare.

Ga tambaya ga samarinmu masu cika gidajen kallo a Wurno da Rabah da Goronyo. Idan ƙungiyar da kake goyon baya ta kwashe kayanta ta koma wani gari, za ka ci gaba da binta, ko kuwa za ka sallame ta? A ganina ba a amsa wannan sai an san abin da ya tashe ta.

A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Wimbledon, ta wata unguwa a kudancin Landan. Ba babba ba ce, amma a 1988 ta ci Liverpool ɗaya da nema ta ɗauki kofin FA. A 2002 masu ita suka sami izinin kai ta Milton Keynes, wani gari mai nisan wajen mil 56, domin suna tsammanin riba ta fi a can. Suka tafi a 2003, a 2004 suka sake mata suna. Yawancin magoya bayanta suka ƙi bi. Suka haɗa kuɗinsu suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka fara tun daga ƙasa, suna karawa da ƙananan ƙungiyoyi. A 2011 suka shiga sahun ƙwararru, a 2020 kuma suka koma wasa a tsohuwar unguwarsu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Masu ƙungiyar ne suka fara karya alkawari.

To, mu dawo gida. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci kofin ƙalubale na Nijeriya sau biyu a jere, a 1991 da 1992. Sa'ad da tashin hankalin Boko Haram ya tsananta, ba ta iya karɓar baƙi a filinta ba. A 2014 ta riƙa yin wasannin gida a Kano, daga baya a Katsina, sai a 2016 ta koma Maiduguri. Ku duba wahalar nan: kowane wasa na waje ne, har wanda aka rubuta “gida”. Mai sayar da rake a bakin fili ya rasa ciniki, yaro kuwa ya yi shekaru bai ga 'yan wasan garinsu da idonsa ba, sai ji a rediyo. Da wani Babarbare ya ce, “Tun da sun bar mu, ni ma na bar su,” ai da ya yi zalunci, domin ba kwaɗayi ya fitar da su ba. A 2024 ƙungiyar ta sake ɗaukar kofin nan, aka kai shi Maiduguri.

Littafi Mai Tsarki ya san tafiya iri biyun nan. Dimas ya rabu da Bulus saboda son duniya. Amma Elimelek da Na'omi yunwa ce ta kore su daga Baitalami zuwa Mowab, sa'ad da Na'omi ta komo bayan shekara wajen goma kuwa, matan garin ba su manta da sunanta ba. Yusufu ma da dare ya ɗauki Maryamu da Yaron zuwa Masar, ba mu taɓa jin wani mai wa'azi ya kira shi matsoraci ba.

Yanzu na iso inda na nufa. A 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Gandi. A Oktoba 2021 aka kashe mutane da yawa a kasuwar Goronyo. Tun a waɗannan shekaru gidaje da dama suka bar ƙauyukansu, Musulmi da Kirista, waɗansu zuwa Sakkwato, waɗansu nesa. Mu Kirista dama 'yan kaɗan ne a wannan yanki, in gida uku suka tashi, sai a ga benci ba kowa, zumuntar mata ta ragu, baiko ya ragu. Abin da ke damuna shi ne maganar da nakan ji daga bakin waɗanda suka zauna: “Ai wane ya gudu,” ko “Ina bangaskiyarsa?” Na san zafin da ke haifar da wannan magana, gama wanda ya zauna shi ke ɗauke da nauyin mutum biyar. Duk da haka ba daidai ba ce. Uban da ya fitar da 'ya'yansa daga bakin bindiga ba Dimas ba ne.

Roƙona ga dattawan ikkilisiya, kada a soke sunayensu daga littafi. A rubuta inda kowa yake a gefen sunansa. In an yi biki ko rasuwa a aika musu, in an je Sakkwato a nemi gidansu a sha ruwa. Ku kuma na birni da suka zo wurinku, Kano da Katsina sun ba El-Kanemi aron fili, ba su ce sai ta sake riga ba. Ku ba baƙinku aiki a sujada, amma kada ku hana su cewa su mutanen Rabah ne.

Wani zai ce, “Malam, in ba su komo ba fa?” Lalle waɗansu ba za su komo ba, 'ya'yan da aka haifa a can za su tashi Sakkwatawa. Samarinmu masu sa jar rigar Arsenal, kaɗan ne cikinsu suka san ita ma baƙuwa ce inda take. Ma'aikatan wata masana'antar makamai a Woolwich suka kafa ta a 1886, a 1913 ta haye kogin Thames zuwa arewacin Landan, ba ta kuwa koma ba. Ku duba ƙirjin rigar yaronku, za ku ga hoton igwa, ta masana'antar Woolwich ce.