Tsadar Kallon Ƙwallo Da Tafiyar Masu Koyarwa

Maganganu biyu sun daɗe a bakin masu sha'awar ƙwallon ƙafa a ƙasar nan. Ta farko ita ce kukan tsadar kallon wasa, ko a akwatin talabijin ko a wayar hannu ta intanet. Ta biyu kuwa ita ce tafiyar Gernot Rohr, tsohon mai koyar da Super Eagles, wanda ya kama aiki a Jumhuriyar Benin. Jama'a sukan ɗauke su kamar ba abin da ya haɗa su, alhali kuwa tushensu ɗaya ne: ƙwallon ƙasar nan ya kasa sayar da kansa, saboda haka ya kasa biyan masu yi masa hidima.

Kukan tsada dai kuka ne na gaskiya. A watan Mayu na 2023, kamfanin MultiChoice mai DStv ya sa tsarin Compact Plus, wanda ake kallon Gasar Zakarun Turai a kansa, Naira 16,600 a wata. Kafin shekarar ta ƙare ya zama 19,800, a watan Mayu na 2024 ya kai 25,000, sa'an nan a watan Maris na 2025 ya hau 30,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Ashe ke nan leburan da ya ce sai ya kalli wasa a ɗakinsa ya miƙa fiye da kashi biyu cikin biyar na albashinsa, bai auni hatsi ba, bai biya haya ba.

Waɗanda suka gudu zuwa wayar hannu sun zaci sun sami mafita, sai suka tarar biya biyu ne: a biya mai nuna wasan, a kuma sayi data. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kuɗinsu. Shi ya sa samari da yawa suka koma kallon sata a intanet, inda hoto yakan tsaya cik daidai lokacin da aka nufi raga, har sai ihun maƙwabta ya sanar da mutum an ci. Mai gidan kallo shi ma yana cikin tsaka mai wuya tun da aka janye tallafin mai a 2023, don kuwa inji ba ya shan ruwa, in kuma ya ƙara kuɗin shiga benci ya zama wayam.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da dala ake sayen izinin nuna wasannin Turai, ga shi kuwa dalar da hukuma take canzawa a kan Naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ja da kamfanin a kan ƙarin 2025, amma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta bayyana cewa hukumar ba ta da ikon yanke wa ɗan kasuwa farashi. A watan Satumba na shekarar kuma kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice. Duk mai jiran kururuwa ta sauko da farashi, to zai daɗe yana jira.

Abin tambaya shi ne ina kuɗin suke zuwa. Gasar Firimiya ta Ingila ta sayar da izinin nuna wasanninta a cikin ƙasarta kaɗai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, ban da abin da take tarawa daga sauran duniya, har da gumin ɗan acaɓa na Kano da na Kaduna. Da irin waɗannan kuɗi ne ƙungiyoyinsu suke biyan masu koyarwa ba tare da kwana ɗaya ya wuce ba. Gasar gida kuwa, tun da SuperSport ta daina nuna ta, sai fama ake yi: yau a ƙulla da wannan, gobe a koma ga wancan. Yaron da zai lissafa 'yan benci na Arsenal tiryan-tiryan da wuya ya ga Kano Pillars idan ta tafi Aba karawa da Enyimba. Wannan kuwa ƙungiya ce da ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta kuma ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, a garin da Raccah Rovers ta yi zamaninta har ta ci gasar 1978. 'Yan kallo suna nan. Hanyar kai musu wasan ce aka bari ta lalace.

A nan ne zancen Rohr ya shigo. An ɗauki Bajamushen a 2016, ya kai ƙasar nan Gasar Duniya ta 2018, ya zo na uku a Gasar Afirka ta 2019, aka sallame shi a watan Disamba na 2021. Sallama ba laifi ba ce, domin a ƙarshen zamansa wasan ƙungiyar ya yi sanyi ƙwarai. Abin kunyar shi ne sai da ya kai ƙara, FIFA ta umarci Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya a 2022 ta biya shi haƙƙinsa. A 2023 ya karɓi Benin, ran 10 ga watan Yuni na 2024 kuma yaransa suka doke Super Eagles da ci 2 da 1 a Abidjan. Masu kiransa maci amana sun manta cewa korarsa aka yi. An rama da ci 4 da babu a Uyo a watan Oktoba na 2025, amma makin da aka zubar a Abidjan yana cikin abin da ya tura Nijeriya wasan cike gurbi a Maroko, inda 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus, daga bisani Kwango ta fitar da su a bugun fenariti.

Kuma kada a ce baƙo ne kaɗai yake tafiya. Marigayi Stephen Keshi ɗan gida ne, amma Togo ya fara sama wa gurbi a Gasar Duniya ta 2006, ya kuma koyar a Mali. Da ya dawo ya ɗauko Kofin Afirka a 2013, a wannan shekarar ma sai da ya yi watanni yana bin albashi. Emmanuel Amuneke, wanda ya ciyo Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, Tanzaniya ce ta mori iliminsa, ya kai ta Gasar Afirka ta 2019 bayan rabonta da ita tun 1980.

Ya kamata Hukumar Wasanni ta Ƙasa da shugabannin gasar gida su zauna da NTA da gidajen talabijin na jihohi, a tsayar da wasa ɗaya ko biyu da za a riƙa nunawa kyauta kowane mako, a rana sananniya da lokaci sananne, 'yan kasuwa su biya da talla. A nemi kamfanonin waya su fito da data mai rahusa ta kallon gasar gida kaɗai. Abin da aka tara kuma a bayyana shi a fili, a ware kason albashin masu koyarwa da 'yan wasa tun kafin a raba saura, ƙungiyar da ta riƙe haƙƙin ma'aikacinta wata uku a rage mata maki.