Yaranmu Ba Dolaye Ba Ne

'Yan'uwa malaman zanen injiniya, mun gaji da jin ana cewa ɗalibanmu ba su da kan kwamfuta. Bari mu faɗi inda gizo ke saƙar.

Manhajojin da aka ɗora mana koyarwa, irin su SolidWorks da Inventor da FreeCAD, suna bin tafarkin da Pro/ENGINEER ta share a ƙarshen shekarun 1980. Kwamfuta tana ajiye kowane mataki na zane a jere, kuma na baya yana jingine da wanda ya riga shi. Ɗalibi ya zana farantin ƙarfe, ya ba shi kauri, ya huda ramuka huɗu yana auna su daga gefe guda. Zane ya yi kyau. Ranar da aka ce ya sauya siffar wannan gefen, sai kwamfuta ta sake bin matakan tun daga farko, ta nemi gefen ta rasa, ramukan su rasa madogara, allo ya cika da alamun gargaɗi. Saƙon da take fitarwa kuwa yakan nuna matakin da ya faɗi, ya yi shiru game da wanda ya ture shi.

Masu ƙera manhajojin ma sun san ciwon. A 2008 kamfanin Siemens ya shigar da hanyar gyara siffa kai tsaye a Solid Edge da NX. FreeCAD ta yi shekaru tana fama da rikicewar sunayen gefuna, sai a fitowarta ta 1.0 a 2024 aka sassauta matsalar. Abin da ya wahalar da ƙwararru, don me za a mai da shi laifin yaro?

Abin takaici, hoton ƙarshe kaɗai ake dubawa a jarrabawa. Wanda ya tsara matakansa da tunani da wanda ya tara su barkatai maki ɗaya suke samu, har sai sun je wurin aiki an ce su gyara awo guda, asiri ya tonu.

Don haka muna neman abu uku. A ƙara sa'o'in aiki da kwamfuta, domin koyar da tsara matakai kafin a taɓa linzami. A horar da mu horo na haƙiƙa, wanda ya wuce bitar yini biyu. A jarrabawa kuma, mai dubawa ya sauya awo ɗaya ya ga ko zanen zai tsaya da ƙafafunsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kai wannan magana taron reshe mai zuwa da murya ɗaya.